Milimita Uku

Teburin Kulu a shagon buga takardu, bakin Ƙofar Atiku,
taƙi huɗu ne da ɗan yatsa.
Firinta ta cinye rabi.
Sauran, wata tsohuwar kwamfuta ta zaune shi
kamar baƙon da ya manta hanyar gida.
Ta ce, "Yaya, kai da ke kwance su kana ɗaurawa,
ƙera mini gidan da bai fi tiyar gero ba."
Na ce to.
Baki shi ke yanka wuya.

Na fara da kwalin taliya da reza.
Na auna uwar allo, santimita sha bakwai kowane gefe,
na auna akwatin wuta, na auna fanka har ƙusoshinta,
na zana, na goge, na sake zanawa
har fensir ya koma guntun ashana.
Kwali na farko ya yi tumbi.
Na biyu murfinsa ya ƙi zama.
Na uku ya rufu ruf, na yi hamdala,
sannan na ga wayoyi a ƙasa suna kallona.
Na gina jiki, na manta hanji.

Haliru mai lanƙwasa ƙarfe a Marina
ya juya zanena sama, ya juya shi ƙasa.
"Mi kaka yi da wanga? Akurkin ɓera na?"
Amma ya yanka alminiyam, ya kama gefe da gefe,
hannunsa ya fi rulata gaskiya.
Da na ɗora murfi, sai ya tokare kan fanka.
Milimita uku.
Kaurin ƙwayar dawa bai kai ba,
ya hana ni barci kwana biyu.
Na goge ƙusa, na danne, na ɗaure da ƙarfi,
na ce na ci.

Afrilu ta ce ban ci ba.
Ƙarfe biyu na rana, kwalta na narkewa a Titin Bello,
Kulu na shafi na sittin a kundin wani ɗalibi,
akwatina ya yi zafi kamar tanda,
ya ɗauke numfashi, allo ya yi baƙi.
Ɗalibin bai zage ni ba. Da ma ya zaga.

Ranar Juma'a na tafi Kwalkwalawa gaida Baba.
Na same shi yana jera albasa a rudu,
ya ɗaga ta daga ƙasa, ya bar tsakani,
kara nan, rata nan.
Na ce, ai da ka matse, da ta ci buhu biyu ƙari.
Bai ɗago ba.
"Ba rana ka ruɓar da albasa ba," in ji shi,
"iska na, in ta shigo ta rasa ƙofar hita."

A kan babur na dawo ina ƙirga huji.

Ɗari biyu da takwas na huda a gindi,
bakin dirila biyu suka karye.
Na buɗe rufi, don zafi sama yake nema.
Na juya fanka ta ja daga ƙasa.
Wani baduku ya yanko mini jar fata, ƙafa huɗu,
akwatin ya tashi daga tebur kamar ɗan rumbu.
Na koma wurin Haliru kaina a ƙasa:
mayar mini da ukun nan da na sace.
Ya yi dariya har ya ajiye guduma.

Yanzu ya ɗan fi tiya. Kulu ba ta auna ba.
Inda tsohuwar ta tashi, ta sa kofin zoɓo da abin huda takarda,
har gwiwar hannunta ta sami wurin zama.
In na biyo, nakan ɗora tafina a kan rufin,
in ji ɗumi na fita a hankali,
in kawar da rasit ɗin da take yawan rufe hujin da shi.

Masu jiran fotokwafi sukan tambaya
mene ne ya fi wuya a ciki.
Sai in nuna musu tsakanin fanka da murfi,
inda ban sa komai ba.