Karyayyen Filafili

A Maiwurno, bakin Shuɗin Nilu,
kakana Gwadabe yana fiton mutane,
amma hankalinsa na kan filafili:
in ya tsoma shi, sai ya karye a ruwa,
in ya zaro, ga shi garau.

"Ruwa ba ya ƙarya," in ji shi,
"haske ne ke gurɗe ƙafa wurin shiga."

Aka ce rana ta taɓa shi.
Bai tanka ba.
Ya tsaga gora, ya tsattsaga mata zane da wuƙa,
kullum bayan la'asar yana auna karkatar,
yana ƙulla lissafin a igiyar kaba.
Shekarar da kogi ya cinye albasarmu
igiyar ya fi yi wa kuka.

Yau ina koyarwa a Sinnar.
Na tsoma fensir a kofin gilashi,
yara suka kaure: "Malama, ya karye!"
Dokar tana littafi, da lambobinta,
da sunan wani mutumin nesa.
Na riƙe alli, na daɗe ban rubuta ba.

Sai na ce, ku matso.
Mu fara da ƙafar haske.