Inda Na Ninke Takarda

A gindin durumi na saye shi, kusa da Ƙofar Ƙwaya,
cikin tsofaffin littattafan da ɓera ya ɗanɗana,
naira ɗari biyar, bangon baya babu.
Mai sayarwa ya ce, "Malama, labarin mutanen ƙarshen duniya ne."

Mawori. Sau uku na faɗa kafin harshena ya yarda.
Mutanen teku,
ni kuwa ruwa mafi faɗi da idona ya taɓa gani
dam ɗin Ajiwa ne.
Suna gaisawa hanci da hanci, su raba numfashi ɗaya,
suna rubuta asalinsu a fuska
kamar tsagar kumatun kakata Indo.
Na ce to, yau baƙunci zan yi.

Ashe gida aka kawo ni.

Shafi na ɗari da tara, uban ya kwance bel.
Aka ɗauke wuta, ban nemi tocila ba,
na san sauran.
Namu tsohon tiyub ɗin keke ne,
rataye a ƙusa bayan ƙyauren zaure,
kuma yayana Tukur ya fi nema.

Ba dukan ne ya hana ni barci ba,
washegarin ne.
Mutumin littafin ya jiƙa tsumma,
yana gasa bayan yaron yana kuka,
yana kiransa da sunan kakanni.
Baba shi tsire yake sayowa a takardar siminti,
ya ajiye gaban Tukur, ko uffan,
mu kuwa mu taya shi ci, mu lashe yaji.

Dangin littafin sun ga shatar, sun kawar da kai.
Mu ma muna da suna mai kyau domin wannan: rufin asiri.
Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji maƙwabta.
Ba wanda ya faɗi inda ake kai wanda ya karye.

Tukur yanzu gyaran rediyo yake a Rafindaɗi,
da kunne ɗaya, na hagun ya daɗe da rufewa.
Shi ke yi wa Baba aski ran Juma'a,
aska a maƙogwaron tsoho, hannu ba ya rawa.

Na so ya karanta.
Na ninke shafin, na sa a jaka, na tafi.
Na tarar da ɗansa a cinyarsa,
yana hura masa koko, cokali cokali.
Ya juyo mini kunnen dama: "Me kika kawo mana, Dije?"
Na ce, "Lemo ne," na miƙa leda.

Littafin ya biyo ni gida.
Har yau ban buɗe ninkin ba.