Lamba Saba'in da Huɗu

A bakin ƙofa na ajiye waya da makullin babur.
Gandiroba Ladan ya buɗe akwatin ƙanƙarata,
ya ƙirga robobin gwaji ɗaya bayan ɗaya.
Ya ce, ka shiga da hamsin, ka fito da hamsin.
Mutum ko roba, lissafinsa ɗaya ne.

Bazarar Sakkwato ba ta san katanga ba.
Ta riga ni shiga, ta miƙe ƙafa
a ɗakin da aka gina wa mutum ashirin,
inda numfashin tamanin ke zagayawa,
wannan ya saki, wancan ya ja,
kamar moɗa guda a bakin randa.
Kaki biyu ne a gidan nan:
wanda ake sawa a ba da umarni,
da wanda ake tofarwa da asuba.
Na biyun na zo karɓa.

Na karanta takardar amincewa da ƙarfi,
yadda aka koya mini:
"Kana da 'yancin ƙi.
Kana iya tashi ka tafi duk sa'ad da ka so."
Dariya ta taso daga bayan layi, ta rikiɗe tari.
Wani dogo ya ɗaga hannu:
"Malam, sake karanta wurin tahiyar nan.
Shekara ukku ba wanda yac ce mani haka."

Arzika ne sunansa, manomin albasa.
An ce injin ban-ruwa ya ɓata a fadama.
A takardata shi ne lamba saba'in da huɗu.
Ya dangwala yatsa, ya daɗe yana duban tawadar.
"Wagga ta biyu ke nan.
Ta farko ba a karanta mani komi ba."

Tambaya ta tara: tun yaushe kake tari?
Mako biyu, wata guda, ko fiye?
"Tun ɗage shari'a ta huɗu,
ranar da motar kotu ta rasa mai."
Na duba gidajen amsa,
babu wanda zai ɗauki wannan.
Kana zufar dare?
"Wa ba ya yi nan?"
Ka rame?
Bai ce komai ba, ya nuna mazagin wando,
ƙulli uku, kowanne da damanarsa.
Sikeli ya ce arba'in da takwas.

Kwana tara kafin na'ura ta yi magana.
Na dawo da takarda a aljihun gaba,
da albishir mai ɗaci:
ciwon yana da suna, yana da magani,
wata shida, kyauta.
Ladan ya lashi yatsa, ya juya littafi.
"An sallame shi ran Talata.
Mai ƙara ya daina zuwa."
Adireshi fa?
"Bayan masallaci, kusa da tsamiya."
Wane gari?
Ruwa ya taɓa wurin, tawada ta gudu.

Haka ya fita, babu laifi a wuyansa,
da tsarabar gidan yari a ƙirji,
zuwa ɗakin da yara ke kwana
kai da ƙafa a tabarma guda.

A ɗakin taro mai sanyi na nuna jadawali.
Kashi goma sha ɗaya cikin ɗari, na ce.
Aka tafa, aka raba lemo.
Wani farfesa ya yaba tsabtar alƙaluman.
Arzika yana nan, ɗigo ne a kan layi,
bai yi tari ba ko sau ɗaya.

Asabar ta uku ke nan ina bin hanyar Wurno,
takardar ta fara yagewa a ninki.
Kowane ƙauye da tsamiyarsa,
kowace tsamiya da masallaci a gaba,
kowane gari da Arzika uku.
Ina kashe babur a bakin fadama,
ba na tambayar kowa tukuna.
Ina tsayawa cikin warin albasa,
in kasa kunne.