Ciwon Ranar Alhamis

Sau uku Colette na kawo ta garejina a Nipigon,
tsohuwar mota mai dogon baya, shuɗiya,
gishirin titi ya ci gefenta har yatsa na shiga.
Sau uku tana isowa lafiya lau,
kamar yaron da ya hango allura ya ce ya warke.

"Eino, ka yarda da ni," in ji Colette,
"muna cikin tafiya sai ta zabura,
ta faɗo giya ta biyu, ta kafe,
inji na kururuwa, taya na jan ƙafa.
In na kashe, na ƙirga ashirin, na tayar,
sai ta nuna ba ita ba ce."

Na zaro sandar man giya, na goga a farin ƙyalle.
Ja ne. Na shinshina, babu ƙauri.
Na kwance farantin ƙasa, na duba maganaɗisu,
ɗan baƙi-baƙi ne kawai, irin na shekaru,
ba ɓarɓashin ƙarfe ko ɗaya.
Na'ura ta tofo mini lamba guda: sansar gudu.
Na sa sabuwa. Ta biya. Ta tafi.
Kwana shida sai ga ta, ba ko gaisuwa.
Ashe jaki na bari, na hau dukan taiki.

A birni sun ce a sauke akwatin giya ɗungurungum,
kuɗin gyaran ya ninka kuɗin motar.

Na riƙe ta kwana biyu.
Na bi da ita bakin tafki da sanyin asuba,
na hau tudu bayan ta ɗau zafi,
na loda mata tsofaffin batura, na taka totur har ƙasa.
Ko tari ba ta yi ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza.
Na ajiye sifana, na zuba mana kofi.
Na ce, "Na gaji da tambayar mota, ke zan tambaya.
Wace rana? Ina za ki? Wa kike ɗauke da shi?"
Ta yi shiru, tana murza kofin.
"Alhamis," ta ce. "Kai, duk Alhamis ne.
Ranar nake kai babana asibiti.
A baya yake zama, cikin bargo biyu,
ƙafafunsa ba sa ɗumi tun bara,
sai in murɗe masa hitar baya har ƙarshe."

Ni kuwa, a kwana biyun nan,
wa zan kunna wa hitar baya?

Na kwanta ƙarƙashinta da tocila a baki,
na bi baƙar waya taƙi bayan taƙi,
har inda aka ɗaure ta jikin ƙarfe.
Wayoyi biyu, ƙusa ɗaya,
tsatsa ta yi musu kore kamar gansakuka:
ɗaya ta fankar hita, ɗaya ta ƙwaƙwalwar giya.
In fanka ta ja rabonta,
ƙwaƙwalwa ta ji yunwa, ta rikice,
ta gudu giya ta biyu ta ɓuya.

Na murɗe hitar, na kama hanya.
Kafin gada ta fara ɗingishi.
Na yi dariya ni kaɗai, gumi na tsiyaya,
ga ƙanƙara jibge a waje.

Samfefa, sabuwar ƙusa, ɗan giris a yatsa.
Minti goma sha biyar.
Na mayar mata da kuɗin sansa,
ta ƙi, na cusa a aljihun ƙofa.

Da Alhamis ta zagayo na fito bakin titi.
Suka wuce, gilashin baya ya yi raɓa,
tsoho Ovila ya goge da tafin hannu, ya ɗaga mini.
Ban ɗaga ba, kunne na kasa:
ɗaya,
biyu,
ta ɗan ja numfashi a gindin tudu,
uku.
Ta huɗun ban ji ba, sun riga sun sha kwana.