Mai Ƙirgen Numfashi

Kafin gari ya waye na tura kwalekwale,
ba mashi, ba taru, ba ƙugiya,
sai fensir a bayan kunne
da garin rogo ƙulle cikin leda.
Dajin Amazon bai gama farkawa ba,
tafkinmu ya yi lamo kamar mai jin gulma,
ni kuma na kasa kunne ga ruwa.

Pirarucu ba ya iya ɓuya.
Ya fi ƙato tsawo, ya fi buhu biyu nauyi,
amma an ɗora masa bashin iska,
dole ya taso ya shaƙa ya koma.
Bulum! Babba ne, mai jar wutsiya.
Ɓul! Wancan yaro ne, bai kai ba.
Da wannan tasowa muka ƙarar da su a da,
da ita muke ƙirga su yau a kan ruwa.

Ni Ozeias, hannuna ba tsarkakakke ba ne.
Shekarar da aka haifa mini Jucilene
na soki wani uba yana yawo da 'ya'yansa,
baƙaƙe, sun yi masa rawani a ka.
Na ja shi cikin jirgi, suka watse,
kafin in kai gaɓa tsuntsaye sun yi buki.
Na karɓi gishiri da batir biyu a wurin ɗan kasuwa,
na ce ai ba a ƙarar da abin da ke ruwa.

Aka ƙarar.

Ranar taro Dona Zuleide ta kifa tukunya a tebur,
ta ƙwanƙwasa mu ji yadda wofi yake kuka.
Ta ce tafki uku: ɗaya na miya, ɗaya na kasuwa,
ɗaya ko inuwarku kada ta faɗa masa.
Na yi dariya, na ce to mu dafa takarda?
Ta dube ni ta ce, kai da ka san inda suke kwana,
kai za ka fara gadin ruwa.

Shekara biyar a bukka mai iyo,
sauro ya sha rabonsa, kada ya saba da tocilata.
Wani dare na ji filafili yana satar tafiya,
na haska, sai ga Valdeci, ɗan ƙanwar uwata,
taru a kafaɗa, yaronsa na gida da zazzaɓi.
Na karɓe tarun. Na ba shi kuɗin maganin.
Wata bakwai bai amsa gaisuwata ba.
Yanzu ga shi can a wancan lungu,
leɓensa na motsi, yana ƙirga nasa ruwa.

Cikin goma uku muke ɗauka, manya kaɗai,
bakwai su zauna su yi mana ajiya.
Mata na feɗewa a rumfa, ana biyansu a hannu,
ba ta hannun miji ba, Zuleide ta tsaya a kan wannan.
Mun sayi injin ƙanƙara, mun rufe makaranta da kwano,
Jucilene tana birni tana koyon allura.

Ba na ce komai ya gyaru ba.
Ɗan kasuwa har yanzu yana taya mu da wulaƙanci,
masu haƙar zinari suna turo laka daga sama,
bara kogi ya janye har muka taka cikinsa da ƙafa.
Wanda ya taɓa ganin ƙasan tukunya
ba ya cika baki don ta cika.

Rana ta ɗaga. Na lashi bakin fensir.
Sittin da huɗu a lunguna,
inda na taɓa wuni ban ji ko ɗaya ba.
Zan ninke takarda sai na ga wani uba ya wuce,
baƙin rawani na yawo a kansa.
Ban rubuta 'ya'yan ba, doka ta ce sai sun girma.
Na ɗaga filafili dai, na bar shi yana ɗiga,
har suka gama wucewa.