Wuƙar da ke Cikin Jini

Ni Ranau, manomi a Jiratawa,
shekara talatin ina gyaran gawo a gona.
Kututture ya tofo rassa goma,
in zaɓi biyu masu ƙarfi, in datse takwas.
Haka icce ke miƙewa.
Ban taɓa jin tausayin reshen da ya faɗi ba.

Ma'azu, ɗana na uku,
shi ke lissafa mani buhunan gujiya da ka
tun kafin mai awo ya ɗaga tiya.
Yana shekara goma sha tara
ya fara toshe tagar ɗakinsa da tsumma,
wai rediyon maƙwabci na kiran sunansa
ko an cire masa batir.
Ya daina shan fura in ba shi ya dama ba.
Wata Laraba aka same shi a bakin Gulbi
yana ba ruwa amsa.

Mun yi turare. Mun sha rubutu.
Awaki biyu sun tafi kasuwa ba su dawo ba.

A asibitin Maradi, likita Zuwaira
ta juya takardar magani, ta zana icce a bayanta.
Ta ce, Baba, ƙwaƙwalwar yaro kurmi ce,
in ya tasa, jiki da kansa ke rage rassa,
kuma masu tsaron jini ne ke taya aikin,
waɗannan da ke korar cuta daga jiki.
Ta ce masu bincike na zaton
wasu kan gaji wuƙa mai kaifi fiye da kima,
ta wuce inda ya kamata ta tsaya.
Ba ita kaɗai ce sanadi ba, in ji ta,
ba kuma duk mai ita ke kamuwa ba.

Na ce, daga wa ya gada, ni ko uwarsa?
Ta aje alƙalami.
Ta ce wannan tambaya ba ta taɓa warkar da kowa ba.

Amma a kan hanyar gida
na tuna kawu Jari a turu, bayan rumbu,
muna yara, muna jifansa da ƙwallon goruba,
shi kuwa yana kiran kowannenmu da sunansa,
bai taɓa kuskure ba.

Yanzu Ma'azu na haɗiyar ƙwaya ɗaya bayan isha'i.
Yana barci da yawa. Ya yi ƙiba.
Muryoyin sun koma nesa, in ji shi,
kamar kasuwar wani gari.

Jiya ya biyo ni gona.
Na ɗaga adda kan wani siririn reshe,
ya riƙe mani hannu.
Ya ce, Baba, bar wannan.

Gawon nan na da rassa uku yanzu.
Maƙwabta na cewa tsufa ya kama Ranau.
Ina ji. Ban tanka ba.