Rami na Shida

Tsibirin Chiloé, kafin asuba.
Eliodoro ya murɗa makulli,
injin jirgi ya yi tari biyu, ya yi tsit.

Ya buɗe murafen batir.
Ramuka biyar ruwansu garau,
na shida baƙi ƙirin,
darma ta zube a gindi.

A caji ya kwana.
Allura ta hau sha biyu da rabi;
da kunna fitila, ta faɗo tara.

Zunilda ta shafa gefen da ya kumbura.
"Shekara bakwai fa.
Ƙyale shi ya huta."

Duk da haka ya kankare farin gishirin kansa.
Teku tana janyewa,
kuɗin sabo kuwa
yana jikin kifin da bai kamo ba.